Yi Sallama Kafin Ka Tura Ƙofa

Ɗana,

Tun ranar da ka zo gaisuwar sallah ka buɗe min laftof ɗinka a zaure nake juya al'amarinka a zuciya. A ranar ban ce maka komai ba sai madalla, domin ga ƙannenka sun kewaye ka, ga baƙi suna shigowa, kuma ba a yi wa babba gyara a gaban na bayansa. Ka hau babur ka koma Kabo da farin cikinka, ni kuwa rabin daren nan a zaune na yi shi. Da na ga maganar ta fi ƙarfin waya, ga kunnena ya fara nauyi, sai na ce bari in rubuta maka, ka karanta a tsanake.

Abin da ka nuna min ban manta ba. Shafin wata makarantar kuɗi ne a cikin birni, inda iyaye ke duba sakamakon 'ya'yansu. Ka canza lamba ɗaya a ƙarshen adireshin, sai ga sakamakon wani yaro daban, da hotonsa, da unguwarsu, da lambar wayar mahaifinsa. Ka sake canzawa, ga wata yarinya. Ka ce ka duba kusan talatin. Shirinka kuma shi ne ka ɗauki hotunan ka tura wa mai makarantar, ya ga gwanintarka ya ba ka aiki, in ya yi biris ka sa a Facebook duniya ta gani.

Zan fara da yabo, don ka cancanta. Idon da ya hango wannan ɓarakar ido ne mai kyau. Na tsufa a ɗakin kwamfutar banki, na ga masu digiri biyu da za su wuce ta gabanta sau ɗari ba su lura ba. Allah Ya ba ka abin da ba a saye a kasuwa, wato son sanin cikin abu. Tun kana ƙarami kai ne mai kwance rediyon kakarku, wani lokaci ma har ka iya mayar da ita. Amma gidan mutane ka shiga ba sallama, ɗana, ka ɗaga labule talatin.

Kar ka ce min ai ƙofar a buɗe take. Gidaje nawa ne a nan Gwarzo ake sa wa zaurensu sakata da rana? Duk da haka ba ka taɓa ganin mai hankali ya zarce tsakar gida don ya ga ƙofa a buɗe ba. Tun kana makarantar allo aka karantar da kai a Suratun Nur hukuncin shiga gidan da ba naka ba, aka kuma gaya maka wanda ya yi sallama sau uku bai ji amsa ba juyawa yake yi. Hukuncin bai faɗi don gidan ya koma na waya da wutar lantarki ba. Hukumar ƙasa ma tana da nata. Dokar laifukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, ta hana kutsawa na'urar wani ba da izini ba, da tara da ɗauri a kai. Sannan ka auna yadda saƙonka zai sauka a kunnen mai makarantar: wani da bai sani ba ya turo masa hotunan ɗalibansa, yana neman aiki, yana kuma nuna in ba a ba shi ba zai fallasa. Kai a ranka taimako ka yi. Shi da lauyansa barazana za su kira abin, kuma ba zan ga laifinsu ba.

Sana'ar da kake so, gwajin kutse, sana'a ce ta gaske, kuma halal ce. Kamfani ne yake ɗaukar mutum ya ce zo ka gwada shigo min kamar yadda ɓarawo zai yi, ka gaya min ta ina ka samu hanya kafin ɓarawon ya samu. Kayan aikinsa da na ɗan dandatsa duk ɗaya ne: Kali Linux ɗin da ke kan laftof ɗinka, da Nmap mai ƙwanƙwasa ƙofofi ya ji wadda ta amsa, da Burp Suite, da Metasploit. Ka san mai yankan makulli na bakin tasha. In makullin shagonka ya ɓata, kai za ka kira shi ya buɗe maka kwaɗon, ka biya shi har da godiya. To a ce shi ɗin ne ya zo da tsakar dare ya buɗe don ya nuna maka kwaɗonka ba shi da ƙarko. Hannun bai canza ba, ƙarfen da ya zura bai canza ba, amma 'yan sintiri in suka kama shi ba za su tsaya jin bayani ba.

Saboda haka abu na farko a jakar mai wannan aiki takarda ce. Takarda mai sa hannun wanda yake da ikon sa hannu, ba abokinka da ke aiki a wurin ba. A rubuta a cikinta waɗanne na'urori aka yarda ka taɓa da waɗanda aka hana, daga wace rana zuwa wace rana, ƙarfe nawa zuwa ƙarfe nawa, ko an yarda ka yaudari ma'aikata da saƙon imel na bogi, da lambar wanda za ka kira da ƙarfe biyun dare in wani abu ya tsaya. Abin da ba ya cikin takardar, ko a buɗe ka same shi, ka rubuta ka wuce.

Takardar ma sai an duba wa ya ba da ita. A watan Satumba na 2019, a jihar Iowa ta Amurka, hukumar kotunan jihar ta ɗauki kamfanin Coalfire ya gwada tsaron gine-ginen kotu. Ma'aikatansa biyu suka shiga wata kotu da dare, ƙararrawa ta kaɗa, suka tsaya suka jira 'yan sanda, suka miƙa takardarsu hankali kwance. Sai shugaban 'yan sandan gundumar ya iso ya ce ginin na gunduma ne, jiha ba ta da hurumin ba wa kowa izinin fasa shi. A bayan kanta suka ƙarasa daren, kuma ba a janye tuhumar ba sai a Janairun 2020. Waɗannan fa ƙwararru ne, da kwangila a hannu. Ɗan haya ba ya ba da izinin rushe katanga. In makaranta ko asibiti suka ɗauke ka, ka tambaya shafin nasu a kan na'urar wa yake zaune, domin sau da yawa hayar wuri suke yi a wurin wani kamfani, tare da wasu mutane ɗari da ba su san da zamanka ba.

To a ce ka samu takardar. Ina za ka duba?

Duk sanda za ka shiga birni daga nan, titin Gwarzo zai kai ka Kabuga. Ka riƙa tuna abin da ya faru a wurin. An soma ganuwar Kano tun zamanin Sarki Gijimasu, Muhammadu Rumfa ya faɗaɗa ta, sarakuna suka yi ta ƙari ɗaruruwan shekaru. Da sojojin Turawa suka iso ranar 3 ga Fabrairun 1903, Sarki Alu yana can wajen Sakkwato, manyan bindigoginsu ba su iya rushe ganuwar ba. Ƙofa suka nema, kuma ta Kabuga suka shiga. Na ga kamfanoni sun zuba miliyoyi a katangar tsaro mai suna da tsada, shugabanni suna nuna ta ga baƙi kamar sabuwar mota, alhali can baya akwai wata 'yar ƙofa da kowa ya manta da ita. A watan Mayun 2021 masu kutse suka tsayar da Colonial Pipeline, babban bututun man gabashin Amurka, har Amurkawa suka ɗanɗana layin mai irin namu, kamfanin ya biya fansar kusan dala miliyan 4.4. Ta ina aka shiga? Ta wani tsohon asusun shiga daga nesa da aka daina amfani da shi ba a rufe ba, kalmar sirri ɗaya tak ke tsaronsa.

Ni kaina an taɓa shigo min ta irin wannan ƙofa, kuma ban taɓa ba ka labarin ba. Lokacin ina riƙe da sashen kwamfuta na shiyya a wani banki, hedikwata ta turo mana matasa biyu daga Legas su gwada mu. Na karɓe su da fara'ar fatar baki. A raina cewa nake yaran da aka haifa ina aiki me za su nuna min. Kwana biyu suka yi a wani ɗan ofis suna shan shayi. A rana ta uku babban cikinsu ya ce, Baba, ko za ka ba ni minti goma mu kaɗai? Ya rufe ƙofa, ya juyo min da laftof. Firintar da ke kan baranda tana nan da kalmar sirrin da ta zo da ita daga masana'anta. A cikinta aka ajiye sunan wani asusu da take amfani da shi wajen aika takardu, asusun kuma ni da hannuna na ba shi iko fiye da buƙatarsa, wata rana da nake sauri. Daga nan suka taka zuwa asusun wani ma'aikaci da ya bar aiki shekara biyu ba a soke shi ba, daga can kuma suka hau kujerata, ta mai riƙe da makullan kowa. Zufa ta karyo min a cikin sanyin na'ura.

Abin da ya sa nake ba ka labarin shi ne yadda yaron nan ya yi da ni. Da ya so, ranar taron shugabanni zai baje abin a bango ya sha tafi, ni in sha kunya. Sai ya zauna da ni har bayan la'asar muna toshewa ɗaya bayan ɗaya. A rahotonsa bai ɓoye komai ba, ya rubuta duk abin da ya samu dalla-dalla, ya kuma rubuta cewa an gyara kaza da kaza kafin ya tafi. Sunana bai fito ko sau ɗaya ba. Shekarun da suka biyo baya duk wanda ya tambaye ni wa zai ɗauka, shi nake nunawa. Ban san adadin aikin da ya samu ta bakina ba.

Yanzu bari in zo kan takardun shaida na na'ura, don na lura nan ne karatunka bai yi zurfi ba, kuma nan ne manya ke faɗuwa. Ka tuna lokacin da ka nemi takardar shaidar zama ɗan ƙaramar hukuma. Mai unguwa ya san ka ya sa hannu, dagaci ya san mai unguwa, hakimi ya san dagaci, sakatariya ta buga hatimi. Wanda zai karɓi takardar a Abuja bai san ka ba, hatimin ya sani. Haka satifiket na shafin intanet yake. Wayarka ta zo da jerin manyan masu hatimi da ta amince da su, duk shafin da ya nuna mata takarda mai hatiminsu sai ta yarda shi ne, ta ɓoye zancen da ke tsakaninku. Ɗan kwaɗon da wasu manhajojin shiga intanet ke nunawa a gefen adireshi ma'anarsa ke nan. Bai ce mai shafin mutumin kirki ba ne. Ɗan damfara ma yana samun satifiket a kan sunan shafinsa na bogi, tunda Let's Encrypt kyauta take bayarwa, na kwana 90.

To idan aka sace hatimin hakimi fa? A 2011 aka kutsa DigiNotar, wani mai ba da satifiket a ƙasar Holan, aka buga takardun bogi sama da 500, har da ta Google. Da ita aka leƙa wasiƙun mutane wajen 300,000 a Iran, kowannensu yana ganin kwaɗonsa a rufe yana zaton lafiya. Kafin watan Satumban shekarar ya ƙare kamfanin ya durƙushe, domin mai hatimin da aka daina yarda da shi ba shi da sauran abin sayarwa.

Wannan na nesa ne. Na kusa da kai shi ne ofishin hatimi na cikin gida. Yawancin manyan kamfanoni da ke aiki da Windows suna da nasu mai buga satifiket, haɗe da Active Directory, wato rijistar da ke riƙe da sunan kowane ma'aikaci da iyakar ikonsa. A Yunin 2021 wasu masu bincike biyu na kamfanin SpecterOps, Will Schroeder da Lee Christensen, suka fito da bayanin yadda ake barin wannan ofishi a sake. Mafi muni a ciki shi ne fom ɗin da ke barin mai nema ya rubuta sunan da ya ga dama. Ka ƙaddara wani magatakarda yana buga hatimi a kan farar takarda, ya miƙa maka ya ce cike sunan da kanka. Sai masinja ya rubuta sunan manaja, na'ura kuma ta yi masa barka da zuwa ranka ya daɗe. Abin da ya fi ɗaure kai, ko an canza kalmar sirrin manajan, takardar tana nan da ƙarfinta har sai an soke ta ko wa'adinta ya cika. Duk kamfanin da ya ɗauke ka, ka leƙa wannan ofishin. Sau da yawa za ka tarar wani ne ya kafa shi shekarun baya ya yi gaba, ba wanda ya sake waiwayarsa.

Sai maganar wa'adi. Kai ɗan Kabo ne, garin marigayi Alhaji Muhammadu Adamu Ɗankabo da ya kafa Kabo Air a 1980, jiragen da suka yi ta kai alhazanmu Jidda. Mutanen jirgin sama sun daɗe da sanin cewa kowace takarda tana da ranar mutuwa: ta lafiyar jirgi, ta lafiyar matuƙi, duk da kwanan wata, kuma akwai wanda aikinsa shi ne lura da ranakun. Mu mutanen kwamfuta muka yi ta sakaci. A 2017 aka kwashe bayanan mutum miliyan 147 daga kamfanin Equifax na Amurka. Suna da na'urar da ke duba abin da ke fita daga gidansu, amma satifiket ɗinta ya mutu wata da watanni ba wanda ya lura, ta zama maigadi mai barci da ido buɗe. Ɓarayi suka yi sama da wata biyu suna jida. Ranar da aka sabunta takardar, a ranar aka gan su. A Disambar 2018 kuma satifiket ya ƙare a manhajar Ericsson, miliyoyin masu layin O2 a Ingila suka wuni ba intanet. Ba maƙiyi ko ɗaya a wannan, kalanda ce kawai ba a duba ba. Kuma abin zai ƙara matsewa: a Afrilun 2025 masu tsara wannan harka suka amince a rage tsawon ran satifiket na shafuka daga kwana 398 zuwa 200 a Maris 2026, zuwa 100 a 2027, zuwa 47 a 2029. Wanda ke sabuntawa da hannu yana dogaro da tunaninsa zai sha wuya. Ka koyi sa na'ura ta riƙa yi da kanta, ka kuma riƙe jerin duk takardun gidan da ranakunsu. Aiki ne mara armashi, ba mai yi maka tafi a kansa.

Gajimaren da kuke ta faɗa kuwa, kar sunan ya ruɗe ka. Gini ne cike da kwamfutocin wani, irin cibiyar da Galaxy Backbone ta buɗe a Kano a farkon 2023, ko na Amazon da Microsoft da Google a ƙasashen waje. Kamar ka kama sito ne a Dawanau ka zuba masararka. Mai sito zai kula da rufi da katanga da maigadi, amma makullin ɗakinka a aljihunka yake, in ka ba yaron shago ya yar, ba ruwan mai sito. Misalin ma na gida ne. Obinwanne Okeke, matashin da mujallar Forbes ta sa a jerin 'yan kasuwar Afirka masu tasowa a 2016, an kama shi a Amurka a 2019, aka yanke masa shekara 10 a 2021. A shari'ar an nuna yadda a 2018 aka tura wa shugaban sashen kuɗi na kamfanin Unatrac imel mai kai shi shafin bogi mai kama da na Microsoft. Ya sa kalmar sirrinsa. Daga cikin akwatinsa aka riƙa ba da umarnin biyan kuɗi da sunansa, har wajen dala miliyan 11 suka fita. Ba a fasa Microsoft ba, makulli aka karɓa a hannun mai shi. Ka dubi labarin ta fuska biyu: yadda kamfani ke faɗuwa, da inda basira ke kai yaro in ya saki hanya.

Don haka in ka shiga asusun gajimaren kamfani, tambayoyin ba su da wuya. Mutum nawa ne ke riƙe da babban makulli, kuma duk suna nan a bakin aiki? Bayan kalmar sirri akwai shaida ta biyu? In lambar da ake turowa ta saƙon waya ce, ka tuna nan ƙasar ana yi wa layin mutum walkam-bak ba da saninsa ba, gara manhajar da ke fitar da lamba ko ɗan makullin ƙarfe da ake sokawa. Masu rubuta manhaja sun bar makullai a cikin aikinsu a GitHub? Ajiyar ko-ta-kwana a ina take? A 2014 wani kamfani mai suna Code Spaces ya mutu ɗungurungum, saboda wanda ya shiga asusunsu na Amazon ya nemi kuɗi, da suka yi yunƙurin korarsa ya goge komai har da ajiyar, tunda duk a ɗaki ɗaya suka tara. Manomin Getso ya fi su dabara, ba ya zuba iri a rumbun da ake ɗiban na tuwo.

Akwai abin da ba a koyarwa a kwas, shi ne abin da idonka zai gani. Za ka ga albashin mutane. Za ka ga wasiƙar manaja da ba ta kamata ba. Wata rana za ka ga bashin da ke kan wani attajiri da kake gaisarwa a masallacin Juma'a. Ka ɗauki ɗabi'ar mai wankan gawa: abin da ya gani a ɗakin nan ya tsaya a ɗakin. Ko matarka, in Allah Ya kawo ta, ba ta da rabo a ciki. In kana son tabbatar wa kamfani ka kai ga rumbun bayanansu, layi biyu ko uku sun isa, ka rufe sunayen, ba sai ka kwafe rumbun ba. Abin da ka riƙe don rahoto ka kulle shi, aiki ya ƙare ka goge. Laftof ɗin mai gwaji in ya ɓata a tashar mota, taswirar gidajen mutane ce ta faɗa hannun da ba a sani ba.

Kasuwar kuwa tana nan, kar ka ji tsoron rashin aiki har ya kai ka ga gaggawa. Tun 2018 Babban Bankin Najeriya ya wajabta wa bankuna tsarin tsaron na'ura da ya haɗa da yin wannan gwaji a kai a kai, a 2022 ya fitar da irinsa ga ƙananan bankuna da makamantansu. A Yunin 2023 aka sa hannu a dokar kare bayanan mutane, wadda ta ce in aka yi ɓarakar da za ta cutar da masu bayanan, a sanar da hukumar kare bayanai cikin awa 72. Makarantu da asibitoci da masu harkar POS na yankinmu duk suna tara bayanan jama'a, kuma masu iya duba musu da harshen da za su fahimta ba su da yawa. Ka iya yi wa Alhaji bayani da Hausa cewa ga inda kuɗinsa zai zube, wannan kaɗai jari ne.

Ka tambaye ni satifiket ɗin da za ka nema wa kanka. Ina girmama OSCP, saboda kusan awa 24 ake ba ka ka kutsa na'urori da hannunka, sannan a ba ka wata kwana guda ka rubuta rahoto, kuma in rahoton bai yi ba aikin daren ya tashi a banza. Sai dai da dala ake biya, kar ka sa mahaifinka ya sayar da bijiminsa tun ba ka shirya ba. Hack The Box da TryHackMe filaye ne da aka gina musamman don a fasa, can za ka huce ƙaiƙayin hannu ba mai kama ka. Ka kafa ƙaramin kamfanin ƙarya a cikin laftof ɗinka, da rijistarsa da ofishin hatiminsa, ka fasa, ka gyara, ka sake fasawa. Sannan ka riƙa rubutu. Na ga saƙonninka na waya, rabinsu sai an yi duba kafin a gane.

Saura makarantar nan. Daga yau kar ka sake buɗe shafin. Hotunan da ka ɗauka ka goge su, har da waɗanda suka hau gajimaren wayarka, kuma in ka tura wa wani aboki ka gaya min gaskiya. Amma ba za mu yi shiru ba, domin a wannan zamani da masu garkuwa da mutane ke farautar lambar iyaye, hoton yaro da unguwarsu da wayar ubansa ba abin bari a titi ba ne. Ina da wanda ya san mai makarantar. Za mu je tare, ni a gaba, ka faɗi abin da ka gani da iyakar inda ka tsaya, ka ba da haƙuri, ba za ka nemi ko sisi ba, ba kuma za ka ambaci aiki ba. In ya ƙi ji, akwai hukumar kare bayanai, akwai kuma ngCERT da ke ƙarƙashin ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, kujerar da ɗan garin nan Alhaji Isma'ila Gwarzo ya taɓa zama a kai. Facebook dai babu shi a lissafin.

Ka zo ranar Juma'a da laftof ɗinka, mu yi sallah tare. Rautar intanet da ke gidan nan tun da aka kafa ta ban taɓa canza mata komai ba, ga kwamfutar shagon yayanka da yara ke sa mata filashi iri-iri. Na riga na rubuta maka takarda na sa hannu, shi ma ya sa: na'ura biyu, daga bayan la'asar zuwa isha'i, ban da wayar Hajiya. Rahoton nake so ranar Lahadi, shafi biyu, da Hausar da Hajiyar za ta gane in an karanta mata.

Ka gaida mahaifiyarka, ka ce mata daddawar ta iso.

Baffanka.